Furen Asta: Yadda Ake Shuka Shi Da Kula Da Shi A Gefen Lambu

Mu da ke zaune a kan tudun Filato mun yi sa'a, domin sanyin ƙasarmu yana karɓar furannin da ba sa jure zafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne asta. Sunan daga Helenanci ya fito, ma'anarsa tauraro, kuma duk wanda ya dubi furen da kyau zai ga dalili. Akwai fari, da ja, da shuɗi, da ruwan hoda. Irin da muke shukawa asalinsa daga ƙasar Sin da Koriya ne, aka kai shi Turai a ƙarni na 18. Sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, ya yi iri, ya mutu. Saboda haka kowace shekara sai an sake shuka shi.

Abu guda ya kamata mai son asta ya riƙe: saiwarsa ba ta shiga ƙasa da zurfi. Idan ruwa ya kwanta sai ta ruɓe, idan ƙasa ta bushe sai ta wahala. Yawancin dabarun da ke biye daga nan suka fito.

Lokacin shuka

Ruwan Yuli da Agusta ya yi wa asta yawa. Ya fi kyau a yafa iri wajen ƙarshen damina, a watan Satumba, domin ya yi fure cikin hunturu, wata uku zuwa huɗu bayan shuka. A nemi sabon iri, gama irin asta ba ya daɗewa. Wanda ya wuce shekara a ajiye sau da yawa ba ya tsirowa sosai.

A cika akwatin katako da ƙasa mai laushi wadda aka gauraya da yashi da tsohon taki. A yafa irin, a rufe shi da ƙasa kaɗan, a riƙa yayyafa ruwa a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. In ya yi ganye huɗu zuwa shida, ya isa dashe.

Dashe

A zaɓi gefen lambu inda rana ke samu aƙalla rabin yini, a ɗaga ƙasar ta ɗan yi tudu don ruwa ya riƙa wucewa. Kada a sa ɗanyen kashin shanu ko na kaji, domin yana ƙone saiwa. A yi dashe da yamma, a ciro kowane tsiro tare da ƙasar gindinsa, a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu. Dogayen iri, waɗanda kan wuce santimita 60, a sa su a baya kusa da shinge, gajeru kuma a gaba. In tsiro ya kai tsawon tafin hannu, a tsinke kansa don ya yi rassa. Dogayen suna bukatar sanda, in ba haka ba iskar hunturu za ta kwantar da su.

Ban-ruwa da cire ciyawa

A zuba ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye. Ciyawa kuwa da hannu za a cire ta, fartanya tana yanke saiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasa don riƙe laima, amma a riƙa dubawa saboda gara.

A nan akwai abin lura gare mu ɗalibai. Astan da aka shuka a Satumba yana fara toho daidai lokacin hutun Kirsimeti. Mako guda ba ruwa cikin hunturu ya isa ya ɓata aikin zango ɗaya. Kafin a rufe makaranta, a san wanda zai ɗauki butar ban-ruwa.

Cututtuka

Babban abokin gaban asta wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa. Tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, sai ka ga ganye ya yi rawaya, ya yi yaushi, ko da ƙasa a jiƙe take. Ba ta da magani. A tumɓuke wanda ya kamu a ƙone shi, kada a jefa shi a ramin taki. Cutar kan shekara da shekaru a ƙasa, don haka kada a maimaita asta a wuri ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4. Akwai kuma wata cutar da ƙananan ƙwari masu tsalle ke ɗaukowa daga ciyawa, wadda ke tsumburar da shuka, furen ya fito kore-kore. Tsabtace gefen lambu shi ne kariya. Rigakafi ya fi magani.

Yankan fure

A yanka da sassafe, lokacin da furen ya fara buɗewa, a cire ganyen ƙasa, a sa cikin ruwa mai tsabta. Yana iya yin mako guda bai yi yaushi ba, shi ya sa ya dace da adon majami'a da ɗakin taro. A riƙa cire waɗanda suka bushe, amma a bar kaɗan mafi kyau su nuna don irin baɗi.

Ajin da ya gaji gefen lambu a bana, ya tambayi waɗanda suka riga shi inda suka dasa asta bara, ya kuma rubuta inda ya dasa nasa saboda na baya.