Trine: Kalmar Riɓi Uku da Ta Fito Daga Roma

Ko Baturen da aka haifa a Landan zai iya tsufa bai taɓa furta kalmar trine ba. Ma'anarta abu mai riɓi uku, ko abubuwa uku da suka haɗu wuri guda. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 ta hannun tsohon Faransanci, amma tushenta Latin ne, daga trinus, wadda ita ma ta samo asali daga trini.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Romawa suka tsefe lamba uku. Mu nan, idan mai tumatir ta ce ta kasa su uku-uku, maimaita kalmar kawai ta yi, kowa ya gane. Su kuwa kowace ma'ana da tata kalmar: tres uku ce, ter sau uku, tertius na uku, terni uku-uku. To ina trini ta shigo? Akwai wasu sunaye a Latin da ke zuwa a jam'i alhali abu ɗaya ake nufi. Littera harafi ne, amma jam'inta, litterae, na iya nufin wasiƙa guda. Wanda ya ce tres litterae, haruffa uku ya ƙirga. Mai nufin wasiƙu uku dole ya ce trinae litterae. Haka sansanin soja, castra: uku daga cikinsu trina castra ne. Trini ke nan, wata 'yar kalma da aka ware don kada magana ta rikice, kuma ina ganin hikima ce babba.

Yau masu duban taurari na Turai ne suka fi riƙe trine. Suna kiranta idan taurari biyu suka yi tazarar digiri 120, wato sulusin da'ira.

'Yan'uwanta ne suka fi ta tashe. Tertullian, malamin Kirista daga Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi amfani da trinitas wajen shekara ta 200 don bayyana aƙidar Triniti. A Sifaniyanci kalmar ta koma Trinidad, kuma sunan da Kolumbus ya raɗa wa tsibirin da ya hango kusa da gaɓar Benezuwela ke nan a 1498.