Ƙanzo da Tukunya: Abin da Kimiyya Ta Ce

Zancen kimiyya na yau zai faro ne daga birnin Makka. Shekaru da yawa birnin nan ya zama masaukin Takari, watau mutanen Afirka ta Yamma da suka je aikin Hajji suka zauna, da yawansu kuwa Hausawa ne. Matansu sun yi suna wajen dafa tuwo da shinkafa da masa domin alhazan da suka yi kewar abincin gida. Wadda ke ɗora tukunyar da za ta ciyar da mutane masu yawa ta san ba a rabuwa da ƙanzo, ta kuma san tukunyar nan ita ce jarinta. Idan ta huje wajen kankara, ciniki ya tsaya.

To, mene ne ƙanzo? Muddin akwai ruwa a gindin tukunya, zafinsa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, domin a nan ruwa yake tafasa. Da zarar ruwan gindin ya ƙafe sai zafi ya hau. Wajen digiri 140, sukarin da ke cikin abinci da sinadarin gina jiki sukan haɗu, su yi ja, su ba da ƙanshi. Wani masani Bafaranshe, Luwi Kamil Mayar, shi ya bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912. Wannan shi ne jan ƙanzon da ake jiƙawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Amma in wuta ta ci gaba, sai ƙauri ya tashi, abincin ya koma gawayi, man da ke ciki kuma ya daskare kamar ƙaro, ya manne gawayin a jikin ƙarfe.

Gawayi ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba shi ake yaƙa ba. Abin da ake so shi ne a sassauta abin da ya riƙe shi. Sai a zuba ruwa ya rufe ƙanzon, a tafasa kamar minti 15, a sauke, a bar shi ya kwana. Ruwan zafi yakan kumbura ragowar tsakin da ke ƙarƙashin gawayin, da safe sai a ga yana ɓamɓaruwa da muciya ko cokalin itace.

Shi kuwa daskararren mai, maganinsa kanwa ko ruwan toka. Waɗannan sukan karya mai su mai da shi sabulu, kamar yadda ake haɗa sabulun salo da toka da mai. Amma a nan ne ake bukatar lura, domin ba kowane ƙarfe ne yake jure kanwa ba. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa, irin wanda Hari Birali ya ƙago a Shefil ta Ingila a 1913, ba ta damu da ita ba. Ita kuwa tukunyar alminiyam, wadda ake kira tukunyar dalma, kanwa mai ƙarfi tana cinta, ta baƙanta ta, ta bar mata ƙananan ramuka, a cikinsu kuma sabon ƙanzo zai sami wurin kamawa. Ruwan zafi da sabulu sun ishe ta.

Har ila yau, alminiyam yana da wata 'yar fata da iska ke yi masa, wadda ta fi gashin kai siranta sau dubbai, ita ce ke tsare shi. Mai dirzar tukunya da yashi ko soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, fatar nan take kankarewa, tana kuma rage kaurin gindin. Gindi marar kauri kuwa ya fi saurin ƙona abinci.

Maganar ba ta tsaya kan asarar tukunya kaɗai ba. Tukwane da yawa da maƙera ke zubawa a Afirka, da tarkacen ƙarfen mota da makamantansu ake yinsu. A 2014 wasu masana suka gwada irinsu a Kamaru, suka tarar dalma ta ainihi tana fita daga jikinsu idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Gubar dalmar nan ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Saboda haka kada a bar tsamiya ko lemon tsami ko ruwan khal su kwana a irin wannan tukunya, kada kuma a ci ƙanzon da aka kankaro da ƙarfe daga gindinta.

Akwai kuma tukwanen zamani masu santsin ciki, waɗanda aka shafe da Teflon, sinadarin da aka gano a Amurka a 1938. Su soso mai laushi kawai suke so, in shafen ya fara ɓarewa sai a sake wata. Gargaɗi na ƙarshe shi ne, kada a kuskura a gauraya ruwan bilic da khal ko lemon tsami, domin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, musamman a ƙaramin madafi marar taga.

Ashe dai aikin ba na ƙarfin damtse ba ne. A san irin ƙarfen tukunya, a ba ruwa lokaci ya yi aikinsa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, balle ƙanzo.