Brent Dalrymple, mai ƙidayar shekarun duwatsun ƙarƙashin teku

A tsakiyar tekun Pasifik akwai wani jerin duwatsu da tsawonsa ya kai kilomita 6000, watau kusan ninki huɗu na hanyar Yamai zuwa Ngigmi. Ya faro daga tsibiran Hawai, ya miƙe yamma maso arewa, sa'an nan ya tanƙware kamar gwiwar hannu ya nufi arewa har gaɓar Kamcatka ta ƙasar Rasha. Duwatsun sun fi 80, dukansu kuwa masu aman wuta ne a zamaninsu. Kaɗan ne suka leƙo bisa ruwa, sauran suna can nitse cikin duhu. Wane ne babba a cikinsu, wane ne ƙarami? Mutumin da ya ba da shekaru masu yawa na ransa wajen amsa wannan tambaya shi ne Brent Dalrymple, masanin duwatsu ɗan ƙasar Amurka.

An haife shi a shekara ta 1937 a jahar Kalifoniya. Ya gama karatunsa na dakta a jami'ar Berkeley a 1963, a shekarar kuma ya kama aiki a ma'aikatar binciken ƙasa da duwatsu ta gwamnatin Amurka, reshen garin Menlo Park, inda ya yi shekara 31.

Agogon da ke cikin dutse

Masu karatu sun san yuraniyom ɗin da ake tonowa a Arlit, wanda yake rikiɗa sannu a hankali har ya zama dalma. Haka ma wani ɗan kaso na sinadarin fotasiyom, wanda manoma suka sani cikin takin zamani, yake rikiɗa. Duk bayan shekara miliyon 1250 rabinsa ya ƙare, wani sashe na abin da ya rikiɗa kuma ya zama iska mai suna argon. Zafi ko sanyi ba su gaggauta wannan rikiɗa, ba su kuma jinkirta ta.

Sa'ad da dutse yake narke yana malala, iskar argon takan fice daga cikinsa kamar yadda tururi ke fita daga tukunya. Da ya huce ya daskare, sai ƙofa ta rufe, sabuwar argon ta shiga taruwa a ciki. Idan aka narkar da guntun dutsen a ɗakin bincike, aka auna argon da ta taru da fotasiyom da ya rage, lissafi zai nuna shekarun da suka wuce tun ranar da ya daskare.

Wani aiki da Dalrymple ya yi da wannan agogo ya shafi maganaɗisun duniya. Abokan aikinsa biyu, Allan Cox da Richard Doell, suna bin diddigin wani abin mamaki: a wasu zamunan da suka shuɗe, allurar da ke nuna arewa a yau kudu za ta nuna. Dutsen da ya daskare yakan riƙe alamar inda maganaɗisun ya fuskanta a lokacinsa. Su suna auna fuskar, shi yana auna shekarun, har suka tsara jadawalin juye-juyen. Juyi na ƙarshe ya auku shekara wajen 780000 da suka wuce. A 1966 Doell da Dalrymple suka gano wani gajeren juyi da ya auku kusan shekara miliyon 1 da suka wuce, suka ba shi sunan rafin Jaramillo na jahar New Mexico. Da aka kwatanta jadawalin nan da alamun maganaɗisu da jiragen ruwa suka auna a ƙasan teku, sai suka dace ɗaya bayan ɗaya. Daga nan galibin masana suka sallama cewa ƙasan teku tana buɗewa, ɓawon duniya kuma faifai ne manya masu tafiya.

Kafin a yarda da mudu

Mai awon hatsi na gari yakan gwada mudunsa kafin ya shiga kasuwa. A 1968 Dalrymple da James Moore suka auna duwatsun da Kilauwiya, dutse mai aman wuta na Hawai, ya zubar ƙarƙashin teku. An san duwatsun sababbi ne, amma agogon ya ba su miliyoyin shekaru. Suka bincika, suka gano dalili. Narkakken dutse in ya haɗu da ruwan sanyi a zurfi, yakan dunƙule kamar matashin kai, bayansa ya daskare nan take ya zama kamar gilashi, nauyin ruwa kuma ya danne tsohuwar argon ta kasa fita. Gwargwadon zurfi, gwargwadon kuskuren. Suka buga sakamakon, suka gargaɗi masana cewa da yawa daga irin waɗannan duwatsu ba su dace da wannan awo ba.

A 1969 ya auna malale 26 na duwatsun da mutane suka shaida fitowarsu a tarihi, ya tarar yawancinsu sun ba da amsa daidai, ya kuma bayyana waɗanda suka kauce. A shekarar ne shi da Marvin Lanphere suka wallafa littafi kan wannan hanyar awo. Daga bisani suka rungumi wata hanya da ta fi tsanani: a saka guntun dutse cikin tukunyar nukiliya, a ɗumama shi mataki mataki, ana auna iskar da ke fita a kowane mataki. In matakan sun ba da shekaru iri ɗaya, an yarda da dutsen. In sun saɓa, an san ruwan teku ya ɓata shi.

Jerin Hawai

Tun 1963 wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, ya kawo shawara game da asalin jerin nan. A ƙaddara an kunna fitila, ana jan tabarma bisa kanta a hankali: wuta za ta yi ta huda ta, huda bayan huda, a jere. Fitilar ita ce wani tushen zafi da ke can cikin duniya, tabarmar kuwa ita ce ƙasan tekun Pasifik. In haka ne, tilas shekarun duwatsun su riƙa ƙaruwa gwargwadon nisansu daga Hawai.

Dalrymple da David Clague da Lanphere suka duƙufa kan gwajin wannan magana. Tsibirin Kawai ya ba da shekara wajen miliyon 5, Midway wajen miliyon 28, gwiwar jerin kuma miliyon 43. A 1977 jirgin ruwa mai haƙa, Glomar Challenger, ya huda kawunan duwatsun arewacin jerin, waɗanda ke ɗauke da sunayen sarakunan Japon na dā. Dutsen Suiko ya ba da shekara kusan miliyon 65, bisa kansa kuma aka sami ragowar halittun da ba su rayuwa sai a ruwa maras zurfi, shaidar cewa dā tsibiri ne kafin ya nitse. Lissafi ya nuna ƙasan tekun tana tafiya abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba a shekara.

Alƙaluman nan ba su tsaya a inda ya bar su ba. A 2006 Warren Sharp da Clague, abokin aikinsa na dā, suka sake awo da na'urori masu inganci, suka nuna tanƙwarar ta faro tun shekara wajen miliyon 50. Haƙar da aka yi a 2001 kuma ta ƙarfafa abin da maganaɗisun Suiko ya fara nunawa, watau ita kanta fitilar ta gusa kudu a wancan zamani. Gyaran bai rushe ginin ba: jerin shekarun yana nan, daga ƙarami zuwa babba, da irin hanyar awon da shi ya taimaka wajen kyautatawa aka yi gyaran.

A 1991 ya wallafa littafi kan shekarun duniya, inda ya tattara hujjojin da suka sa masana ke lissafa mata shekara miliyar 4 da rabi. Daga 1994 zuwa 2001 ya shugabanci sashen nazarin teku da sararin sama na jami'ar jahar Oregon. Ya sami lambar girma ta kimiyya ta ƙasarsa ta shekara ta 2003.

Irin wannan awo, da wasu sinadarai dabam, ya shafi ƙasarmu. Wasu duwatsun Ayar sun haura shekara miliyon 400, na Damagaram da Muniyo suna wajen miliyon 300, ƴan uwansu na Jos a Najeriya kuwa ba su kai miliyon 200 ba. Masu neman ma'adinai suna amfani da irin waɗannan alƙaluma domin sanin inda ya kamata a tona.

Can kudu maso gabas da babban tsibirin Hawai, kamar kilomita 35 daga gaɓa, auta a jerin yana girma. Dā ana kiransa Lo'ihi, a 2021 aka ba shi suna Kama'ehuakanaloa. Kansa yana ƙarƙashin ruwa da kusan mita 1000, masana kuma suna kirdadon sai bayan dubban shekaru goma-goma zai leƙo ya zama tsibiri.