Sannu Sannu Kwana Nesa: Motsi Mai Taushi a Jinyar Doguwar Cuta

A ƙasar Hausa, idan ciwo ya daɗe a jikin mutum, farkon abin da ƙauna ke sa a yi masa shi ne a hana shi motsi. A shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwa har baki, duk ɗan dubiyar da ya shigo ya ce, "Yi kwanciyarka, Allah ya ƙara sauƙi." Niyyar kyakkyawa ce, kuma a lokacin zafin ciwo hutu magani ne. Amma idan cuta ta zama ta zama-da-ita, irin su hawan jini, ciwon suga, amosanin gaɓɓai, ko raunin da shanyewar ɓarin jiki ke bari, doguwar kwanciya kan koma wata cutar. Abin da jiki ke bukata a wannan hali shi ne motsi mai taushi, wanda aka auna shi yadda ake auna magani.

Likitoci ma sai da suka daɗe kafin su gane haka. A da, wanda ya sami bugun zuciya kan shafe kusan mako 6 a gado, har zuwa 1952 da Samuel Levine da Bernard Lown na birnin Boston suka nuna cewa zaunar da shi a kujera bai cutar da shi ba, ya ma taimaka masa. A 1966 kuma, a birnin Dallas na Amurka, aka kwantar da samari 5 masu ƙoshin lafiya na tsawon mako 3. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna su, sai aka tarar tsufan waɗannan shekarun bai raunana su kamar kwanciyar nan ta mako 3 ba. To idan saurayi ke nan, ina ga dattijo mai ciwon gwiwa?

Daga cikin hanyoyin motsi mai taushi, kaɗan ne aka bincika kamar taici na ƙasar Sin. Ana danganta asalinsa da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan a ƙarni na 17, inda ya fara a matsayin dabarar kare kai. A 1956 aka taƙaita shi zuwa motsi 24 domin jama'a, a 2020 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada. Mai yin sa yana tsaye, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yana mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali, hannu na tafiya tare da numfashi. A 2012 Fuzhong Li da abokan aikinsa a jihar Oregon suka gwada shi a binciken masu cutar Fakinsin 195, sau biyu a mako har mako 24. Waɗanda suka yi taici sun fi daidaita tsayuwarsu, kuma faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta waɗanda aka sa miƙe gaɓɓai kawai. A 2016 Chenchen Wang ta Jami'ar Tufts ta gwada shi a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa, ta tarar sauƙin da ya kawo ya yi daidai da na fisiyo na asibiti.

Babu siddabaru a ciki. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini, da motsi yake samun abincinsa daga ruwan da ke kewaye da shi. Tsoka idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini. Numfashi mai tsawo, musamman fitar da iska a hankali, yana zaburar da sashen jijiyoyin da ke sassauta bugun zuciya, abin da ya sa mai damuwa ke jin nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ga kuma ribar da na'ura ba ta aunawa: majinyacin da ya saba komai a yi masa, ya ga yau shi ma ya yi wa jikinsa wani abu.

Wani zai ce hujjojin ba su cika ba, tunda mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma kowa ya san abin da ake yi masa, don haka sa rai na iya shiga cikin sakamakon. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a cewa taici yana warkar da cuta ko yana maye gurbin ƙwayar hawan jini. Sai dai faɗuwa abu ne da ake ƙirgawa. Wani kuma zai yi ɗari-ɗari saboda alaƙar taici da falsafar Tawo. Damuwarsa abin girmamawa ce, amma amfanin yana cikin motsin da numfashin, kuma ana samun sa a tattaki bayan la'asar, a tashi da zama daga kujera sau goma, a miƙe gaɓɓai da hantsi.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu ciwon gajiya mai ɗorewa da wasu da korona ta bar su da rauni, waɗanda ɗan ƙoƙari kaɗan kan kwantar da su kwanaki. Saboda irinsu ne hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar ƙara wa masu ciwon gajiya mai ɗorewa motsa jiki mataki-mataki a 2021. Darasin da ke nan shi ne ma'auni: a fara da abin da jiki zai ɗauka, ko da minti 5 ne, a duba yadda aka kwana washegari, a dakata idan an ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, kuma a nemi shawarar likita tun farko. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata wuri ne da ake dosa, ita kanta ta ce kaɗan ya fi babu. Saboda haka mai jinya da ɗan dubiya su ƙara wani abu a kan addu'a da kwanon abinci: su kama hannun majinyaci, su taka da shi zuwa ƙofar gida, gobe kuma a ɗan wuce nan.