Yadda Ake Zaɓar Makirufo Don Naɗar Ganga Da Jita A Waya

Duk wanda ke bibiyar bidiyon bukukuwa da ake ɗorawa a TikTok da Facebook daga Jibia, Magama, Dan Issa har zuwa Maradi ya san matsalar nan: hoto tas, amma da zarar makaɗi ya sauke gula a kan fata sai sautin ya tarwatse, ka ji kamar ana yayyaga leda. Jita ma haka, tana fitowa daga lasifika da zaƙinta, amma a cikin waya sai ta koma ƙara mai huda kunne. Da yawa suna ɗora laifin a kan wayar, har su sayar su sayi wadda ta fi tsada, kuma matsalar ba ta tafi ba. Gyaran yana wurin makirufo. Ga kayan kiɗa masu ƙarfin amo, nau'in da ake kira dainamik shi ne ya dace, kuma a nan za mu ga dalili, da wanda ya kamata ka saya, da yadda za ka haɗa shi da wayarka.

Me ya sa makirufon waya ke gazawa?

Makirufon da ke cikin waya ɗan mitsitsi ne, an tsara shi don muryar mutum. Hira ta yau da kullum ba ta wuce desibel 60 ba, amma bugun ganga idan aka auna dab da fata yana iya haura desibel 120. Idan amo ya fi ƙarfin abin da makirufo zai ɗauka, sai saman sautin ya yanke, wannan yankewar ita ce kake ji kamar fashewa. Kuma abin da ya fashe a lokacin naɗa, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake.

Bayan haka, waya tana da tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kanta, tana kuma ƙoƙarin rage hayaniya. Wannan yana da amfani a kiran waya, amma a wurin kiɗa ɓarna yake yi: kowane bugu sai wayar ta danne sauti, kafin ta sake shi wani bugun ya zo.

Yadda makirufon dainamik ke aiki

A cikin kansa akwai ɗan siririn faifai mai motsi kamar dodon kunne. An manna masa naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, naɗin kuma yana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Idan amo ya bugi faifan, naɗin ya motsa a cikin maganaɗisun, sai a samu 'yar wutar lantarki mai tafiya daidai da sautin. Da ka juya tsarin baya, ka samu lasifika.

Wannan tsarin yana ba shi abubuwa uku. Na farko, ba ya buƙatar batir ko wutar nan ta bolt 48 da makirufon kondensa na situdiyo ke nema. Na biyu, da wuya amon ganga ko na jita ya fi ƙarfinsa. Na uku, ba shi da saurin ji sosai, don haka abin da ke bakinsa yake ɗauka, ya rage na nesa. A ɗakin da ba a yi wa rufin hana amsa-kuwwa ba, ko a filin biki da janareta ke ruri a gefe, babura na wucewa, wannan rashin saurin jin alheri ne.

Sai kuma juriya. Kondensa ba ya son ƙura, ba ya son laima, ba ya son faɗuwa. A yankin da hunturu ke cika komai da ƙura, bazara ta zo da zafi, damina ta biyo da laima, kayan da za su daɗe su ne masu sauƙin gini. Mutanen kan iyaka kuma sun san yadda kaya ke yanke wa kasuwa: an rufe iyakar Jibia a Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Abin da za ka saya sau ɗaya ya yi maka shekaru ya fi wanda kullum kana neman madadinsa.

Abubuwa huɗu da za ka duba

1. Ta ina yake ji. A jikin kwali za ka ga zane mai kama da zuciya. Ma'anarsa makirufon yana ji ta gaba, yana ji kaɗan ta gefe, ta baya kuwa kusan kurma ne. Wannan shi ne mafi sauƙin sarrafawa. Akwai wanda ya fi shi matsewa ta gefe, amma shi yana ɗan ji ta bayansa kai tsaye, don haka sai ka kula da abin da ke bayan nasa.

2. Faɗin sautin da yake ɗauka. Ana rubuta shi da Hz. Daga 40 ko 50 zuwa 15,000 ya wadatar ga ganga da jita. Kada lambobi masu yawa su ruɗe ka, lasifikar jita ma ba ta fitar da wani abin kirki sama da 5,000 zuwa 6,000.

3. Siffar kai. Mai dunƙulen kai an yi shi don baki, dunƙulen yana tare iskar numfashi. Mai siririn kai ya fi shiga lungu, ya matsa kusa da fata ba tare da ya tare wa makaɗi hanya ba.

4. Bakin haɗi. Na ƙwararru suna da baki mai ƙafa uku da ake kira XLR. Kebul ɗinsa yana kore tsamin wuta ko da ya yi tsawo. Makirufon da kebul ɗinsa ke manne da jiki, irin wanda ke zuwa kyauta da akwatin kiɗa, ba na wannan aikin ba ne.

Waɗanda aka fi sani

Shure SM57. Kamfanin Shure na Amurka ya fito da shi a 1965, har yau kuma shi ne abin da injiniyoyin sauti suka fi ɗorawa a kan ƙaramar gangar nan ta badujala mai wayoyin ƙarfe a ƙasa, da kuma gaban amfilifayar jita. Yana ɗauka daga 40 zuwa 15,000 Hz, yana kuma ɗan ɗaga sautin da ke kusa da 5,000 zuwa 6,000, inda kaifin bugu yake. Shi ne ake gani a kan mumbarin shugabannin Amurka tun zamanin Lyndon Johnson. Idan guda ɗaya kawai za ka iya saya, wannan ne.

Shure SM58. Ƙaninsa ne, ya fito a 1966. Cikinsu kusan ɗaya ne, bambancin yana kai: shi mai dunƙule ne don waƙa. Idan kana da shi a hannu, zai naɗi ganga da jita ba laifi, ba sai ka sake kashe kuɗi ba.

Sennheiser e609 da e906. 'Yan Jamus ne, faffaɗa ne kansu, ana iya rataye su da kebul daga saman amfilifaya su sauko daidai gaban lasifika, ba tare da sandar tsayarwa ba. Ga mai jita da ke yawon biki a kan babur, rage kaya guda ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Audix i5 yana gogayya da SM57 a aiki da farashi. Behringer XM8500 kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuɗinsa bai kai rabin na Shure ba, kuma ya fi jabu nesa ba kusa ba.

Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x. Waɗannan dainamik ne masu baki biyu, XLR da USB. Ga mai naɗa da waya, su ne hanya mafi gajarta, domin ba sa buƙatar wata na'ura a tsakani.

Hattara da jabu

SM57 da SM58 suna cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma jabun yana zuwa da kwali da jaka da takardu kamar na gaske. Na asali ana sayar da shi kusan dala 100 a Amurka. Lissafa wannan da naira ko sefa, ka ƙara kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya ba ka sabo a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗin, ka san abin da ya ba ka.

Nauyin SM57 na asali giram 284 ne, jabu yakan fi shi sauƙi, kuma sikelin masu sayar da kayan awo ya isa ya nuna maka. Ka sa a jona shi da lasifika kafin ka biya. Ka murza jikinsa a tafin hannunka, idan ƙarar murzawar ta fito sosai, alama ce mara kyau. Ka yi magana ta gabansa, sannan ka juya shi ka yi ta bayansa: dole muryar ta faɗi ƙwarai. Na hannu na asali, ko da fentinsa ya goge, ya fi sabon jabu.

Yadda za ka haɗa shi da waya

Idan naka mai USB ne, kebul na OTG kawai kake buƙata, ko USB-C kai tsaye. A wasu wayoyin Android sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannu kafin wayar ta gane shi.

Idan mai XLR ne, sai ka sa akwatin sauti a tsakani, irin su Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22. Aikinsa ya ƙara wa siginar ƙarfi, ya mayar da ita lambobin da waya ke fahimta. Akwatin daga batirin wayar yake sha, wasu wayoyin kuma ba sa iya ɗaukar nauyinsa, don haka ka gwada da taka tun a shago. Wata hanyar ita ce rikoda mai zaman kanta kamar Zoom H4n, wadda ke da bakin XLR biyu, tana aiki da batir AA biyu. Ka naɗa a ciki, daga baya ka haɗa da bidiyon.

Kebul mai arha da ke kai XLR zuwa ramin iyafis yana aiki a wasu wayoyin, amma sautin yana bi ta tsarin nan na waya mai danne amo, ribar ba ta da yawa.

A manhaja, ko BandLab ce ko GarageBand ta iPhone, zaɓi WAV idan akwai. Sa makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi, ka rage ƙarfin shigarwa har ma'aunin ya tsaya tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa ja. Sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama. A bakin iyaka, inda waya ke faman neman sabis tsakanin layukan ƙasashe biyu, tana ƙara ƙarfin aikawa, wanda kan shiga naɗi da ƙarar nan ta "dit-dit-dit". Ka kuma cire caja yayin naɗa, domin wutar janareta kan shigo da gurnani.

Inda za ka ajiye shi

Nan ne aikin yake. Matsar da makirufo da faɗin yatsa biyu yana canza sauti fiye da canza makirufon kansa.

Gangar badujala: sa shi santimita 3 zuwa 5 sama da baki, a karkace yana kallon tsakiyar fata, bayansa yana fuskantar faranta masu ƙara don kada su cika naɗin. Kallon tsakiya yana ba da bugu, kallon gefe yana ba da amon jikin gangar.

Amfilifayar jita: haska fitilar waya ta cikin ƙyallen gaba ka ga inda lasifikar take, don ba kullum take tsakiyar akwati ba. Sa makirufon santimita 2 zuwa 3 daga ƙyallen. Daidai tsakiyar lasifika sauti ya fi kaifi, kana matsawa gefe yana ƙara taushi. Fara daga tsakanin biyun. Ɗora akwatin a kan kujera yana rage kumburin sautin da ƙasa ke mayarwa.

Kalangu da kotso: makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matse tsarkiya a hammata yana juyi. Ba shi tazarar santimita 15 zuwa 20, ta ɓangaren da gula ba ta bi. Kusanci da yawa yana kumbura ƙasan sauti, ya danne hawa da saukar da ke sa kalangu ya yi magana, wanda shi ne daɗin kiɗan Mamman Shata.

Ka tuna cewa duk lokacin da ka ninka tazara, ƙarfin amo yana raguwa da kusan desibel 6. Idan makirufo ɗaya ne ga ƙungiya gaba ɗaya, jera mutanen yadda ya kamata: mawaƙi kusa, jita a tsakiya, ganga can baya.

Kafin ka tura wa mutane

Waƙa tana iya tafiya nesa daga waya. Mdou Moctar, ɗan jitan Abzinawa na Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar, daga nan duniya ta san shi. Yau hanyar ta fi sauƙi, amma masu sauraro sun fi tsantseni, sautin da ya fashe a daƙiƙa biyar na farko wucewa ake yi.

Don haka idan ka gama, kada ka tura naɗin a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse shi ya zubar da ingancinsa. Tura shi a matsayin fayil. Makirufon kuma ka mayar da shi jakarsa bayan kowane aiki, ka naɗe kebul ba tare da lanƙwasa shi da ƙarfi ba, don mafi yawan abin da ake cewa "makirufo ya mutu", kebul ne ya tsinke daga ciki.