Sabon Kiɗa ga Tsofaffin Finafinan Gaskiya Marasa Murya

Kafin dabarar haɗa sauti da hoto ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1920, finafinai ba su da murya, amma ba a kallonsu cikin shiru, domin akan ajiye makaɗi a gaban allo yana kaɗa piyano, a manyan birane kuwa ƙungiyar makaɗa ce sukutum take raka hoton. Da yake yawancin wannan kiɗa bai kai ga zamaninmu ba, cibiyoyin da ke gyara tsofaffin finafinai sukan ɗora wa makaɗan yau nauyin tsara sabo. Nauyin ya fi girma a finafinan gaskiya, wato waɗanda ke nuna ainihin mutane da wurare, saboda kiɗan ne yake gaya wa mai kallo ko abin da ke gabansa na tausayi ne ko na alfahari.

Fim ɗin Dziga Vertov na Tarayyar Sobiyet, Man with a Movie Camera, wanda ya fito a 1929 yana nuna hada-hadar birane kamar Mosko da Odesa, yana cikin waɗanda aka fi yi wa sabon kiɗa. Ƙungiyar Alloy Orchestra ta Amurka ta bi bayanan da Vertov ya bari, ta cika nata da ganguna da ƙarar ƙarafa har ya dace da gudun jiragen ƙasa da injinan masana'antu, yayin da The Cinematic Orchestra ta Birtaniya ta bi salon jaz mai sanyi, wanda ke sa mai kallo ya tsaya a kan fuskokin mutane. Hoton bai canza ba, amma saƙon ya bambanta.

A 2011 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta fitar da gyararren The Great White Silence na 1924, wanda Herbert Ponting ya ɗauka a tafiyar Kyaftin Scott zuwa nahiyar Antatika, inda Scott da abokansa huɗu suka halaka a 1912 a kan hanyar dawowa. Simon Fisher Turner, wanda ya tsara kiɗan, ya guji kiɗan jarumtaka, ya yi amfani da sautuka masu tafiya a hankali, har da ƙarar ainihin ƙararrawar jirgin ruwansu, Terra Nova.

Misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Nanook of the North na Robert Flaherty, na 1922, game da al'ummar Inuwit ta arewacin Kanada. An daɗe ana sukarsa saboda shirya wasu fitowa da aka yi, kamar inda aka nuna jarumin yana cizon faifan garmaho tamkar bai san abin da ake yi da shi ba. Daga 2012 mawaƙiya Tanya Tagaq, wadda ita ma Inuwit ce, ta riƙa raka fim ɗin kai tsaye da waƙar maƙogwaro, salon gargajiya na matan al'ummarta da ake yi da numfashi da gurnani, ta haka ta mayar da martani ga yadda baƙo ya siffanta kakanninta.

Saboda haka, duk wanda zai kalli irin waɗannan finafinai ya kamata ya duba sunan mai kiɗan kamar yadda yake duba sunan darakta, domin rabin abin da zai ji a ransa aikin makaɗin ne.