Kafin tsohuwar kwamfutarka ta mutu, kwashe ta ka zuba a sabuwa



Wani abokina yana da shagon buga takardu a Aliero, ɗaliban jami'a ne kwastomominsa. Kwamfutarsa mai Windows 7 ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Ya sayi sabuwa, amma manhajojinsa da ayyukan ɗalibai duk suna cikin tsohuwar. To, ya za a yi?

Dabarar ita ce a kwafe tsohuwar kacokan, ta koma tana aiki a cikin sabuwar. Kwamfuta cikin kwamfuta kenan, masana na ce mata VM.

Da farko ka sa manhajar Clonezilla a filashi, kyauta ce. Ka kashe tsohuwar, ka tayar da ita daga filashin. Me ya sa? Idan Windows na aiki, fayiloli na ta canzawa, kwafin ba zai fita daidai ba. Clonezilla za ta kwafe faifan ajiyar duka zuwa wani faifai na waje.

Sai ka buɗe VirtualBox a sabuwar, ka ƙirƙiri VM mai faifan da bai gaza na tsohuwar girma ba, ka tayar da Clonezilla a ciki, ka juye kwafin.

Amma fa hattara. Windows na iya neman ka sake tabbatar da lasisi. Sannan Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 7 tun Janairun 2020, don haka kar ka haɗa VM ɗin da intanet. Kuma kar ka goge tsohuwar sai ka ga komai ya buɗe.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai shiri na gaba.